Tuluna Uku a Ɗakin Inna Baiwa

Sadatu tana harhaɗa littattafan ɗalibanta za ta fita makaranta sai wayarta ta yi ƙara. Gwaggo Hamida ce, ƙanwar mahaifinta, take kira daga Argungu. Saura kwana biyu a yi addu'ar arba'in ta Inna Baiwa, kakar Sadatu ta wajen uba, don haka ta zaci maganar abin da za ta kawo ce.

Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce, "Ɗiyata, kar ki wahal da kanki da sayen shinkahwa. Allah ya hutasshe mu. Tuluna uku munka iske bayan gadon tsohuwa, cike da shanshera, shinkahwa da ɓawonta. Tun shekaranjiya anka jiƙa, yanzu haka Mubina na wajen murhu tana turarawa."

Sadatu ta ajiye littattafan. "Waɗanne tuluna, Gwaggo? Masu yaɓaɓɓen baki?"

"Su hwa. Sai da munka sa wuƙa kahin lakar ta ɓalle."

"Gwaggo, iri ne! Don Allah a dakata, kada a ɗora a wuta, ga ni nan..."

Wayar ta katse. Ta sake kira har sau huɗu, ana ce mata ba a samun lambar. Ta kira Mubina, surukar Gwaggo, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Baffa Dikko kuwa, ƙanen mahaifinta, tun da tasa ta faɗa gulbi ya ce Allah ne ya raba shi da surutu, bai sake riƙe wata ba.

Duk da ba ta taɓa riƙe fartanya ba, Sadatu ta san wannan: shinkafar da aka jiƙa tana nan da ranta, amma wadda tururi ya ratsa ta mutu, ko an shuka ta ƙasa ba za ta amsa ba. Ta shaida wa mai gidanta, ta aika wa shugabar makaranta saƙo, ta ja hijabi ta fito bakin titin Gwadangaji. Motocin Argungu uku suka wuce ta, kowace a cike maƙil. Da ta ga tsayuwar ba za ta fishe ta ba sai ta tare mai Keke, ta koma da baya zuwa tasha.

A tasha saura mutum biyu mota ta cika. Ta zauna, ta fito, ta sake zama. Direban yana ɗaure injin ban ruwa na wani fasinja a bayan mota, yana yi yana hira kamar wanda aka ba wuni guda.

"Malam direba, don Allah hanzarta."

"Hajiya, ko an ce maki Argungun za ta tashi? Tun zamanin kakanni tana nan inda take."

Mai injin ya yi dariya. Sadatu ta ciro carbi daga jaka, ta ja kaɗan, ta tarar ba ta san inda ta tsaya ba, ta mayar.

Ba wanda ya san shekarun Inna Baiwa a ƙididdige. Ita kanta ba da shekara take lissafi ba, da girbi take yi. Takan ce ta ga girbi tamanin da huɗu a gidan Illo, mijinta. Malam Junaidu, mahaifin Sadatu, wanda ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya, ya taɓa zama da alƙalami ya ce lallai ta kai ɗari ko ta ɗan gota. Ta dube shi ta ce, "In ka gama ƙirgar, zo ka tsince mani tsakuwa."

Irin nan daga Augie ta zo da shi, mudu guda ƙunshe cikin tsumma, uwarta ta sa mata a ƙasan kayan aure. Jar shinkafa ce mai dogon kara. A gidan suna kiranta mai-bin-ruwa, domin duk yadda gulbi ya cika ya malale fadama, ita ma tana miƙewa tare da shi, kanta a sama. A kwalekwale ake girbinta. Sadatu ta tuna wani girbi tana ƙarama: Kaka Illo a baya yana tuƙi, Inna a gaba da 'yar wuƙa, tana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi mata takan yanke ta sa a cinya, wannan ta iri ce, sauran kuma na ci. Illo yana ta mita wai kifi na can yana jiransa, ita kuma tana ce masa kifi ba ya zuwa ko'ina. Haka suka yi ta yi har ya haura tasa'in, ya rasu wata ranar Juma'a da hantsi, komar kamun kifi a kan gwiwarsa yana ɗinki.

Mota ta tashi daga ƙarshe. Da suka fita gari sai fadamar wajen Zauro ta bayyana ta hagu, ƙasa ta yi duhu saboda ruwan sama na kwanakin nan, mutane jefi-jefi a sunkuye. Lokacin shuka ne sosai. Sadatu ta kau da kai. Ta sake gwada lambar Gwaggo.

Da sababbin iri suka shigo, masu saurin nuna da yawan buhu, kowa ya koma kansu, har Baffa Dikko. Malam Junaidu kaɗai ya ci gaba da zuwa Argungu kowace damina, ya shuka wa uwarsa irinta da yafi a wani kwari da ke ƙarshen gonarsu, inda ruwa ke zurfi har sabuwar shinkafa ta nutse. Abokansa na yi masa tsiya, wai malami guda da farin gemu yana cuɗanya da taɓo saboda buhu biyu. Yakan ce ba buhu yake nema ba. Ya yi girbinsa na ƙarshe, aka cika tuluna uku aka barbaɗa toka aka yaɓe, bayan wata biyu ya kwanta, ya rasu yana da shekara saba'in da tara. Da aka gaya wa Inna ta yi salati, sannan ta ce, "Yaron ga ya yi gaggawa."

Bayan sadakar bakwai ɗinsa ne ta kira Sadatu ɗaki, ta kama hannunta ta ɗora a kan tulu. "Ubanki ya tahi. Dikko idonai ya yi rauni. Iri bai son zama, kin jiya? Damina biyu in ta ishe shi cikin tulu ta wuce, ya mutu." Sadatu ta ce ta ji, ta ɗauka. Da daminar bara ta zo, ga jarrabawa, ga gyaran takardu, ga ciwon ƙafar mai gida. Ta ce wa Inna sai baɗi. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Allah shi kai mu." Ga baɗin ta zo, Inna ba ta kai ba.

A hanya aka tsaya sauke mai injin, igiyar ta ƙi kwancewa. Aka sake tsayawa wata mata ta sayi mangwaro. Sadatu ta matse jakarta a ƙirji, tana duba agogo, tana duba hanya.

Tun daga zaure ta ji ƙamshin. Ta san shi, ƙamshin shinkafar da ta sha tururi. Ta shiga tsakar gida da sallama a bakinta. An shimfiɗa tabarmi da buhuna daga bakin rijiya har gindin darbejiya, jar shinkafa a baje tana shan rana. Rabin duron da aka yi turarar a ciki yana kife, wutar ta zama toka.

Gwaggo Hamida tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno da doguwar sanda tana korar kaji. "Lale da 'yan boko! Yau ba makaranta? Ko kin zaka duba aikinmu ki ba mu maki?"

Sadatu ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta yi mata ya ƙarin haƙuri. Sannan ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, iri ne fa. Irin Inna."

"Na san iri na. Ni ba ɗiyatta ba ce? Cikinai anka haihe ni." Gwaggo ta buga sandar a ƙasa, wata kaza ta yi tsalle. "To wa za shi shuka? Junaidu na kabari. Dikko bai bambance kunyar gona da rami. Ke kuwa, bara munka ga ƙurarki? Da ƙwari su cinye shi cikin tulu, gara bayin Allah su ci, su yi mata addu'a. Guminta na, ladatta ta."

Maganar ba ƙarya a cikinta, shi ya sa ta fi zafi. Sadatu ta tashi ta shiga ɗakin Inna. An naɗe katifa, an kwashe kwanuka. Tulunan uku suna jere a bayan gado, biyu baki a buɗe, ɓarɓashin laka a zube a ƙasa. Ta zura hannu cikin na farko har kafaɗa, ta shafo gindinsa. Toka kawai. Na biyu ma haka. An wanke na uku an kife. Ta tsuguna tana tona ɓarɓashin lakar da yatsa ko ƙwaya ta maƙale. Ta sami huɗu, biyu daga ciki ƙwari sun huda.

Tana nan tsugune Mubina ta yi sallama a bakin ƙofa, hannuwanta duk baƙin tukunya.

"Yaya Sadatu, sannu da hanya. Na ga kiranki, hannuna na cikin aiki." Ta waiga tsakar gida, ta rage murya. "Don Allah ki taya ni ba Gwaggo haƙuri, tsoro nake ji in gaya mata. Akwai daro guda da na ɓata."

"Kin ɓata kamar yaya?"

"Shekaranjiya ruwan sama ya kashe mana wuta, itacen duk ya jiƙe. Ragowar daron ban samu na dafa masa ruwa ba, sai na zuba na rijiya haka nan da sanyinsa. Jiya na tsame na sa a buhu, na tura bayan rumbu, na manta. Yanzu da na duba duk ta lalace. Na ce ko in zuba wa agwagi kafin ta gani."

Sadatu ta riga ta miƙe. A bayan rumbu buhun yana jingine, jiƙe, da ta taɓa shi ta ji ɗumi kamar jikin mai rai. Ta kwance bakin. Kowace ƙwaya ta tsage, ta fitar da ɗan farin tsiro kamar bakin allura. Ta ɗebo a tafin hannu. Ta ce, "Alhamdu lillahi," sau ɗaya, a hankali.

Baffa Dikko yana zaure a kan buzu. Sadatu ta zuba masa a hannu. Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci.

"Wanga na Inna na. Wa ya tashe shi?"

"Kuskure ne, Baffa."

"To kuskuren ya ɗauko maku aiki. Tunda ya buɗe ido ba ya komawa tulu, ba ya kuma jiran jibi. Yau za shi ƙasa ko a ba agwagi."

"Kwarin Baba yana nan?"

"Wa ka son shi? Yana nan, ruwan shekaranjiya ya kwanta ciki, taɓo na zalla. Amma ɗiyata, kin iya yahin iri?"

Ba ta iya ba. Baffa ya ce duk mazan gidan suna can wurin dashe a gonar sama, ba mai dawowa sai magariba. Sadatu ta ce za ta gwada. Gwaggo, wadda ta biyo su zaure ta ji komai, ta ce ita dai ba ruwanta, ga baƙi na zuwa jibi, ga shanya, ga hadari na haɗuwa a gabas. Ta faɗi haka tana neman takalmanta.

Bayan azahar suka fita: Mubina da buhun a ka, Baffa da sandarsa, Sadatu ta tattare zanenta, Gwaggo a baya tana mita. Kwarin ya fi yadda Sadatu ta tuna ƙanƙanta. Ta cire takalmi ta shiga, taɓon ya kama ta har ƙauri. Ta cika ƙwarya, ta yi bisimilla, ta watsa. Irin ya faɗi dunƙule guda a gabanta kamar an zubar da tuwo.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo daga bakin kunya. "Haka anka koya maku a makarantar? Kaji kike ba hatsi?"

Sadatu ta sake gwadawa. Wannan karon rabi ya koma mata a hijabi.

Gwaggo ta yi tsaki, ta tuɓe takalmi, ta kama kafaɗar Mubina ta gangaro. Ta fizge ƙwaryar. "Rabona da wanga aiki tun ina budurwa. Kauce." Ta ɗebo, ta ɗan karkata, ta saki hannu daga ƙugu zuwa sama. Irin ya buɗe a iska, ya sauka a baje, kowace ƙwaya da wurinta. Ta taka ɗaya, ta sake. Sadatu ta ga yadda take karya wuyan hannu a ƙarshen kowane yafi, ta gane hannun Inna ne, ta kuma ga Gwaggo tana share ido da gefen mayafi ba tare da ta tsaya ba.

"Ki biyo ni ta dama," Gwaggo ta ce ba ta waiwayo ba. "Buɗe yatsun. Ba alli na ba."

Sadatu ta bi ta. Kafin la'asar buhun ya ƙare, bai ma rufe kwarin duka ba. Baffa Dikko ya ɗaga kai yana shinshina iska, ya ce saura tsuntsaye, saura kuma gulbi: in ya cika da wuri kafin shinkafar ta yi ƙarfi, ya shanye ta, in ya makara ciyawa ta ci ta. Sai an riƙa zuwa ana dubawa.

"Zan zo ran Asabar," in ji Sadatu.

"Wace Asabar?" Gwaggo ta tambaya. "Ta baɗi?"

"Wannan mai zuwa, Gwaggo. Da wadda ke bin ta."

Ta kwance bakin hijabinta, inda ta ƙulle ƙwayoyin nan biyu masu lafiya da ta tsinta a ɗakin Inna, ta danna su cikin taɓon da babban yatsa. Iska ta taso daga gabas. Mubina ta tuna da shanyar da aka bari a tsakar gida, ta yi salati ta ruga, su kuma suka kamo hannun Baffa suka bi bayanta.