Minti Sha Biyu Kafin Hadari

Babban lilon wurin shaƙatawar kwando goma sha shida gare shi, kowane kwando na cin mutum huɗu. Daga nesa sai ka ce ƙafar keke aka kafa a tsaye, tsawonsa ya kai bene mai hawa takwas. Shekara goma sha ɗaya mutum ɗaya ke riƙe da makullinsa. Ma'aikata na kiransa Birki, don ba ya jin nauyin tsayar da abu.

Sau biyu a watan nan ya rufe lilon ranar hutu. Hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin, sannan ya zame ya je ya zuba a wata unguwa. A na biyun ne Manaja ya kira shi ofis, ko kujera bai nuna masa ba. Ya ce in ya sake rufewa ruwa bai sauka ba, to ya ajiye makulli. Makullin kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ɗaki biyun nan na bayan katanga, inda Birki ke zaune da matarsa da 'yan biyunsu mata, na mai riƙe da lilo ne.

Ranar Asabar wajen ƙarfe huɗu layi ya miƙe har rumfar gugguru, wadda matar tasa ke riƙe da ita. Rana na nan tar. Birki na tsaye a bakin ɗan ɗakin maɓallai, idonsa na gabas. Tutocin katanga, da tun safe suke kallon yamma, sun kwanta. Zafin ya yi nauyi. Can ƙasan sama akwai wani layi mai launin toka, siriri kamar an ja shi da fensir.

Matar ta kawo masa ruwa a kofi, ta bi idonsa da kallo.

"Baban 'yan biyu, na ga wuyan nan ya fara miƙewa. Kar ka soma."

"Ki fara haɗa kayanki."

"Yanzu fa na zuba masara a tukunya."

"Ki sauke."

Ta karɓi kofin. "Ka dai tuna labulen da na ɗinka, daidai tagar ɗakin nan na yanka shi. Ba zai shiga wata taga ba."

Ya ja sarƙa ya tare bakin layi, ya rataya allon da aka rubuta an rufe.

Abin da masu layi ba su sani ba, ba a sauke lilo kamar yadda ake sauke fasinjan mota. In ka sauke kwando na ɗaya, sai ka juya ka kawo na tara da ke daura da shi, sannan na biyar, sannan na sha uku, a haka har ka gama, don kada nauyi ya taru gefe guda. Tayoyin mota huɗu ne kawai ke matse da bakin lilon, su ke juya shi, su ke riƙe shi. Saukewar nan minti sha biyu take ci. Don haka duk mai jiran ya ga ruwa kafin ya rufe, ya makara da minti sha biyu. Shi ya sa kullum Birki cikin rana yake rufewa, kullum kuma shi ke shan zagi.

"Malam, ina ruwan yake?" in ji wani mai goye da 'yarsa a wuya.

"Ƙyale shi, shi ne mai hasashen yanayi na gidan rediyo."

"Awa guda muna tsaye, sai da aka zo kanmu."

Kafin ya taɓa maɓalli Manaja ya iso, da oba-obarsa ta magana da ma'aikata a hannu, tsohon sojan da ke gadi na biye da shi. Manaja ba mugu ba ne. Shekarunsa ya yi a tagar sayar da tikiti kafin a ɗaga shi, abin da ido ya gani a rubuce shi yake yarda da shi. Ya leƙa ɗakin, ya dubi agogon auna iska.

"Allurar na kan kore."

"Za ta kai ja kafin in gama saukewa, ranka ya daɗe."

"Haka ka ce wancan makon."

"Haka na ce."

"To fito. Bar makullin a jiki."

Birki ya dubi lilon. Mutum sittin da huɗu, wasu na ɗaga wa na ƙasa hannu. Ya fito.

"In za ka sauke, ɗaya, tara, biyar, sha uku. Kar ka bi su a jere."

"Na iya ƙirga. Maɓalli uku ne, ba jirgin sama ba." Ya juya ga maigadi. "Raka shi bakin ƙofa."

Manaja ya cire sarƙar da hannunsa, masu layi suka yi masa tafi.

Tsohon soja na tafe yana ɗingishi, yana ba da haƙuri. "Ka san ni, ɗan'uwa. Umarni ne. Ko uwata aka ce in raka, rakawa zan yi."

"Na sani, Soja."

Babbar ƙofa na da nisa, sai an wuce motocin karo na wasan yara da tafkin kwale-kwale. A can Birki ya tsaya ya harɗe hannu, ya juyo yana kallon lilonsa. Ba fushi yake ba. Ƙirga yake.

A minti na bakwai iska ta iso. Ta fara da ledoji da hulunan mutane, sannan ta ɗaga lemar mai askirim ta kifa ta cikin tafki. Rana ta ɓace kamar an hure fitila. Ɗigon farko mai kauri ya fara dukan kwano.

Lilon ya tsaya. Kwando ɗaya ya zubar da mutanensa. Ya matsa kaɗan, na kusa da shi ya zubar. Ya sake matsawa kaɗan.

Birki ya saki hannu ya nufi ciki.

"Soja, za ka tare ni?"

"Raka ka aka ce in yi, na raka. Ba a ce kar ka dawo ba."

Jama'a na gudu zuwa ƙofa, su biyu na kutsawa ta cikinsu. Kafin su kai, Manaja ya sauke shida a jere. Gefe guda ya zama fanko, ɗayan gefen na ɗauke da mutum arba'in. Tayoyi sun jiƙe. Suka yi wata ƙara kamar an taka kare, suka saki. Lilon ya zarce da kansa, kwanduna uku suka wuce dandamalin sauka a guje, ya haura, ya dawo da baya, ya sake komawa. Ihu ya cika sama. Sai da nauyin ya nemo ƙasa da kansa sannan ya lafa.

Manaja na cikin ɗakin, tafin hannunsa a kan jan maɓalli, yana ta dannawa.

"Ya ƙi ji. Birkin ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau. Matsa, ranka ya daɗe."

Ya matsa.

Birki ya ɗauki lasifika. Muryarsa irin ta kullum ce, wadda yake cewa a ɗaura bel da ita.

"Jama'a, kowa ya zauna ya riƙe ƙarfe. Kar wanda ya miƙe. Ni ne mai lilon nan, kowa zai sauka. Mai jar riga a kwando na tara, da kai nake. Zauna."

Mai jar riga ya zauna.

Kwando goma ne cike, daga na bakwai zuwa na sha shida, sun yi wa ƙasa zobe. Ya fara daga tsakiya. Sha biyu. Ya dawo da shi baya taku ɗaya, sha ɗaya. Gaba, sha uku. Baya, goma. Ba ya danna maɓalli ya riƙe, taɓawa yake yana saki, yana sauraron tayoyin kamar mai lallashin doki. Soja na buɗe ƙofofi yana ciro mutane kamar buhuna. Matar Birki ta bar rumfarta tana karɓar yara, tana tura su ƙarƙashin kwanon motocin karo. Ruwa ya kece sosai. Allurar ta daɗe da shiga ja, ba wanda ya kalle ta.

Na sha shida ya iso ƙasa. Wata mata ce da 'ya'yanta uku, ƙaramar ta ƙanƙame ta ko kuka ta kasa. Daura da su, can ƙololuwa, na bakwai da na takwas ne kawai suka rage, mutum takwas, iska na kaɗa su.

Birki ya cire hannu daga maɓalli.

"Me kake jira?" in ji Manaja.

"Tayoyin nan a jiƙe suna riƙe nauyin mutum huɗu. Ba sa riƙe takwas. In ƙasa ta zama fanko, waɗancan kamar dutse za su sauko."

"To bar matar nan a ciki."

Soja ya riga ya ciro ƙaramar, uwar da sauran biyun na biye. Birki ya juya ga Manaja.

"Ina jarkokin ruwan da nake gwaji da su da safe?"

Manaja ya share fuska. "Na sa an kai su sito. Suna ɓata wurin."

"To mutum huɗu nake so, ma'aikata. Za su hau sama waɗancan su sauko, sannan in sauko da su. Ban ji tsawa ba tukuna. Minti huɗu ne."

Soja ya shiga ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya. Mai askirim, wani ƙato da ke raɓe a gindin dandamali yana makokin lemarsa, ya ga idon Birki a kansa.

"Ni fa ina da hawan jini."

"Shiga. Yau tumbin nan zai yi rana."

Ya shiga yana salati, kwandon ya lotsa. Matar Birki ta tattare zanenta ta bi bayansa.

"Shekara goma sha ɗaya ina kallon abin nan ban taɓa hawa ba. Tunda yau kyauta ne." Ta dubi mijin. "Ka sauko da ni yadda ka ɗauke ni, Baban 'yan biyu."

"Riƙe ƙarfen da hannu biyu."

Saura kujera ɗaya. Ruwa na zuba daga haɓar Manaja.

"Bismillah, ranka ya daɗe," in ji matar, tana matsa masa wuri. "Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Manaja ya miƙa wa Birki oba-obar, ya shiga. Birki ya fito ya rufe ƙofar kwandon da kansa, ya ja sakatar sau biyu, ya koma.

Ya taɓa maɓalli. Tayoyi suka yi gurnani, suka kama. Kwandon ya fara hawa, na sama suka fara gangarowa. A rabin hanya, inda nauyi ya fi ja, taya ɗaya ta zame, lilon ya yi tsalle kamu guda. Birki ya saki maɓalli, ya ƙirga uku, ya sake taɓawa. Ya kama. Daga nan sannu a hankali har na takwas ya daidaita da dandamali. Ya fita ya buɗe musu. Ya kawo na bakwai, samari huɗu da ɗazu suke ɗaga hannu, yanzu ba mai kallon ɗan'uwansa. Na ƙarshensu ya tsaya zai yi godiya, Birki ya nuna masa hanyar rumfa.

Ya ɗaga kai. Ta cikin ruwan ba ya ganin fuskoki, sai kallabin matarsa. Ya sauko da su a hankali fiye da yadda ya taɓa sauko da kowa.

Mai askirim ya fito da rarrafe ya rungume ƙarfen dandamali. Soja ya ce ya ga rufin gidansu daga can, kwano ɗaya ya ɗage. Matar Birki ta fito tana matse bakin zane.

"Wannan ne mutane ke biyan kuɗi su hau? Allah ya ba su lafiya."

Manaja ne ƙarshe. Ya fito ya zauna a kan matakala cikin ruwan. Birki ya kashe injin, ya zare makulli, ya zo ya tsaya a gabansa. Ya miƙa masa oba-obar da hannun dama, makullin da hagu.

Manaja ya ɗauki oba-obar. Ya danna, ya ce a rufe komai, a buɗe duka ƙofofi, a mayar wa mutane tikitinsu na wani makon. Makullin na nan a tafin Birki.

"Mayar da abinka aljihu."

"Da sharaɗi, ranka ya daɗe."

Manaja ya ɗago.

"Wata rana zan rufe, ruwa ya ƙi zuwa. Zai faru, ba sau ɗaya ba. In na ja sarƙa, ba mai cire ta sai ni."

Manaja ya daɗe yana kallon kwandon da ya fito daga ciki.

"Zan rubuta in manna a ƙofar ɗakin."

"Da sa hannu."

"Da sa hannu."

Tsawa ta farko ta yi ƙara daga gabas. Birki ya jefa makullin a aljihu, ya ce wa Soja ya kamo masa ɗaya bakin igiyar ƙarfe, suka shiga ɗaure lilon a turakunsa.