Galan Biyu na Baba Jibirilu

"Sauke galan ɗin nan, Malam! Likita ya ce ban da rana, ban da ɗaukar kaya!"

Muryar Mma Sadiqa ke nan ta katanga. Na leƙa na ga ta riƙe bayan keken, mijinta Baba Jibirilu yana ci gaba da ɗaure galan biyu kamar ba da shi ake ba.

"Yau 'yan ƙwallon Yendi za su zo," ya ce. "Yaran nan su yi gudu a ranar nan ba abin sha?"

Tun ina amarya a zangon Salaga na san shi da wannan aiki. Tsohon ɗan ƙwallo ne, gwiwa ta zaunar da shi. Duk ranar wasa zai jiƙa tsamiya tun asuba, ya daka citta, ya matse lemun tsami, ya zuba zuma, sannan gishiri ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka. Yakan ce gumi ba ruwa ba ne kawai, abin da ya fita dole a mayar. Sai ya ɗanɗana, ya lumshe ido, ya ƙara ko ya bari.

Ni ce Zaliha mai shinkafa da wake a bakin filin ƙwallo, don haka na ga abin da bai gani ba. Tun da wani mai neman kujerar siyasa ya fara aiko wa ƙungiyar zangonmu da kwalaben lemon ƙarin kuzari masu launin shuɗi, yaran suka daina shan na Baba. Za su karɓa da hannu biyu, su yi godiya har da durƙuso. Da ya juya ya zauna a inuwa, sai su kai galan bayan bangon makaranta su tuttular. Ƙudan zuma ma sun san wurin.

Na tare Wadud, kyaftin ɗinsu, na ce ya gaya wa tsohon gaskiya.

"Anti Zaliha, ya za mu faɗa shi? Kunya ne. Shi ya koya mu bol."

"Kunyar banza! Mutum na da hawan jini, yana tuƙo muku keke a rana!"

Da na ga ba su da niyya, na faɗa wa Baba da kaina. Dariya ya yi, ya ce bakina ya fi yajin da nake sa wa abinci. Ya kira Wadud a gabana ya tambaye shi. Yaron nan ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi Baba, ko ɗigo ba ya rage." Baba ya dube ni yana murmushin wanda ya ci gardama. Na so in kifa wa Wadud tukunyata a ka.

To, ranar ta 'yan Yendi, Mma Sadiqa ta gaji ta saki keken. Bai kai fili ba. A hawan da ke gaban tashar masu doya ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Masu doya ne suka turo keken gida, galan biyu na ɗaure yadda ya ɗaure su.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, an buga wasan nan har aka tashi, babu ɗaya daga cikin yaran da ya waiga ya ce ina Baba. Sun ci ɗaya da nema, suna ta tsalle. Sai da na kwashe kayana na ji labari a hanya.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa. Da yamma yaran suka shigo gaisuwa, suka jeru a tabarma, kowa ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan wanke su tas, sai Mma Sadiqa ta fito daga ɗaki. Ita ba ta san suna zubarwa ba. Ta ce a kwance galan, a kawo kofuna.

"Naku ne, 'ya'yana," ta ce. "Saboda ku ya tashi tun asuba. Kullum yana cewa ba kwa rage masa ko ɗigo."

Wadud ya ɗago ya dube ni. Ban ɗauke idona daga kansa ba. Ni na zuba musu, kowa na cika masa har baki. Abin ya yini a rana, ya yi ɗumi, tsamiyar ta ƙara kaifi. Suka sha. Wanda ya ajiye kofi na sake cika masa. Wadud yana sha hawaye na gangarowa cikin kofin, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Da suka tafi, Mma Sadiqa ta girgiza galan ta ji babu komai, ta ce, "Allah sarki, ashe da gaske suna so."

Na ɗauraye su na kife a gindin katanga, kusa da keken. Igiyar roba tana reto a bayansa, da ƙullin da Baba ya yi da safe.