Gwangwanayen Dabo Mai Nozul

Daga Gwarzo har Kabo, duk wanda injin gas ɗinsa ya fara tari ko baƙin hayaƙi, rumfar Dabo mai nozul yake nufa. Nozul shi ne ɗan bakin ƙarfen da ke fesa mai a cikin inji, kuma ba ya buɗewa sai matsi ya kai gwargwado. Dabo kan ɗaura shi a jikin wani famfon hannu mai agogo, ya danna, ya zuba wa allura ido. Inji na gama-gari, a ɗari da saba'in da biyar ake so ya fesa. Mai turbo kuwa, da yake haɗamar iska gare shi, sai ɗari biyu da goma. In allura ta gaza, sai a ɗora wa sifirin ɗin ciki 'yar washa siririya kamar ɓawon albasa.

Wannan washa ita ce jarin Dabo. Yakan shige bayan labule, ya fito da ita a tafin hannu kamar mai ba da laƙani, ya ce, "'Yar Ingila ce, ba a samunta a kasuwa." Mutane kuwa, ka ce musu abu daga Ingila yake, ko kashin akuya ne za su shinshina su ce da ƙanshi.

Gaskiyar magana, tun zamanin ositariti, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, washar Ingila ta ɓace. Dabo ya gwada gwangwanin madara, ya yi kauri. Ya gwada na lemo, sifirin ya lotse shi cikin mako. A ƙarshe ya dace da gwangwanin wata giya ta ƙasar waje, mai ƙarfe na gaske. Wani direba, Jalo, ke tsinto masa fankon a hanyar Kwatano. Shekara goma sha takwas yana yankawa da almakashi, bai taɓa sanin ɗanɗanon abin da ke ciki ba.

Sai ga shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, sa'ad da wanduna suka ɗage, gemuna suka sauko. Ranar Talata da la'asar, iskar ruwan farko ta yaye rufin rumfar, ta yi jifa da buhun fankon da ke ɓoye a sama. Gwangwanaye fiye da ɗari suka bi titin Kabo suna ƙararrawa, ana tsaka da fitowa daga masallaci.

Kwamitin gyaran tarbiyya na unguwa ya aiko masa: ya zo ranar Alhamis ya yi bayani, in ba haka ba ranar Juma'a a ambaci sunansa cikin mashaya.

"To sai ka faɗa musu," in ji matarsa Marka, tana tankaɗe.

"In na faɗa, sana'ata ta tashi. Kowane mai faci zai sayi almakashi."

"In ba ka faɗa ba, ni ce matar mashayi. Yau Uwaliya maƙwabciyarmu ta zo aron rariya, har da leƙa randata. Malam, zaɓi ɗaya: a ce maka maƙaryaci, ko a ce mashayi."

"Maƙaryaci fa kika ce."

"Ai shi ana ba shi sahun gaba."

Ranar Alhamis Dabo ya ɗora famfonsa a kan keke ya tafi zauren shugaban kwamiti, Alhaji Nata'ala, mai tarakta biyu. Kusa da shi ga Malam Lukuman, matashin da ya yi karatu a waje ya dawo da amsar tambayoyin da ba a yi ba tukuna. An tara gwangwanayen a tsakiya, kowa ya naɗe ƙafa kada ta taɓa.

Bayan an gaisa, an tambayi iyali da damina, Alhaji ya ce, "Malam Dabo, duk wannan kai kaɗai? Ko da 'yan tayi?"

"Ranka ya daɗe, a kwanto mini nozul ɗaya daga babbar taraktarka, mai turbo."

"Taraktata me ta yi?"

"Shaida ce."

Aka yi ta jayayya kan ko tarakta na ba da shaida, daga bisani aka kwanto. Dabo ya warware nozul ɗin a kan tabarma, ya zaro washa uku da tsinke, ya miƙa wa Malam Lukuman ɗaya. "Malam, idonka ya fi nawa. Juya bayanta."

Malam ya ɗaga ta ga haske. Ga koren fenti, ga rabin harafi. Ya dubi tarin da ke tsakiya, ya sake duban washar, ya sake ta kamar ta ƙona shi.

Dabo ya mayar da nozul ba washa, ya danna famfo. Allura ta tsaya a ɗari da tamanin, mai ya ɗiga kamar majina. Ya ɗauki gwangwani daga tarin, ya yanko washa uku a gabansu, ya saka. Allura ta hau ɗari biyu da goma, nozul ya yi atishawa, feshi ya tashi lallausa kamar turare.

"Ka ce mini 'yar Ingila ce," in ji Alhaji a hankali.

"Na ce, ranka ya daɗe."

"Ni kuma na faɗa wa surukina na Gammo, har na rantse. Malam, gonar da wannan tarakta ta nome, dawarta halal ce?"

Malam Lukuman ya gyara murya. Injin bayar da ruwan mahaifinsa ma Dabo ne ya gyara shi, kuma kowa a zauren ya sani. Ya ce ƙarfe in an wanke ya tsarkaka, kuma wanda gas ya shekara yana wankewa a matsi ɗari biyu, ba ya jin akwai sauran magana.

Wani dattijo daga bango ya ce, "To ƙaryar fa?"

"Ita ba a kafa mana kwamiti a kanta ba," in ji Alhaji. "Mayar mini da nozul, gobe za mu shiga gonar Kutama."

Ranar Juma'a ba a ambaci sunan kowa ba. Liman ya ce dai a guji zato, mutane suka waiwayo suna yi wa Dabo murmushi, wasu har da ba shi hannu biyu. Mai shayi ya kira shi Malam Dabo bawan Allah.

Kafin a yi noman farko, makanikai huɗu tsakanin Gwarzo da Sabon Birni sun kafa allo cewa suna saita nozul. Babu mai famfo a cikinsu, da kunne suke aunawa, amma sun fi arha, kuma Jalo yanzu buhu biyar yake saukewa. Dabo ya wuni a sabuwar rumfarsa yana kora ƙuda daga kan agogo. Masu wucewa na ɗaga masa hannu da girmamawa, nozul ɗinsu a aljihu, suna tafiya gaba.

Da ya koma gida Marka ta tambaye shi ko an samu aiki.

"An samu gaisuwa," ya ce. "Ashirin da ɗaya, na ƙirga."

Ta tura masa kwanon tuwo, miya ba nama.