Muryar Malam Ilu a Akwatin Ƙarfe

Wa ke da alhakin ɓarna, wanda ya taɓa abu da gangan don ya san ƙarfinsa, ko wanda ya hana a taɓa har abin ya lalace da kansa? An daɗe ana jan wannan magana a majalisar ƙofar masallaci a unguwar New Bell ta birnin Duwala, har yau ba a sami mai raba gardamar ba.

Affan haifaffen Duwala ne, ya yi bokonsa da Faransanci, yana kula da kwamfutocin wani ofishi a unguwar Akwa. Baffansa Alhaji Badamasi yana da shagon juye kaset a cikin unguwa. Danshin Duwala kuwa ba ya barin kaset ya tsufa da mutuncinsa, fumfuna ke cinye shi. Shi ya sa Affan ya kwashe duk tafsirin kakansa Malam Ilu, mahaifin Alhaji, ya zuba a wata tsohuwar babbar kwamfuta da ofishinsu ya sallama. Ba a jima ba kaset ɗin suka ruɓe. Muryar marigayin ba ta rage ko'ina ba sai a wannan akwatin ƙarfe.

Akwatin yana da faya-fayan ajiya jere a gabansa kamar aljihunan tebur. An ƙera shi ne yadda in faifai ɗaya ya mutu za a zare shi a sa sabo injin na aiki, sauran su cike masa abin da ya ɓace. Haka masu ƙira suka ce. Amma Affan ya taɓa ganin irinsa ya sandare a ofis da aka zare faifai: ƙwayar manhajar, wadda ke riƙe da ragamar komai, ta rikice ta hargitsa abin da ke ciki. Wata rana ta jure, wata rana ta ƙi, ba wanda ya san dalili. Sai ya roƙi Baffa ya bar shi ya gwada nasu tun yana lafiya. Zai aro ma'ajiya a ofis, ya kwafe komai gefe, ya zare faifai ya ga yadda za ta kaya.

Alhaji ya ƙi. Ya ce bai taɓa jin an kwantar da lafiyayye an yi masa fiɗa don a ga ko zai tashi ba. Duk wanda ya shigo shago sai ya sha labarin injiniyansu mai son karya ƙafar akuya don ya koyi ɗori. Affan ya haɗiye, ya daina zancen.

Sai ga watan yajin aiki. Tasi suka tsaya, masu babur suka ɓace, ana ƙona tayoyi a hanyar Deïdo, ofisoshin Akwa duk a garƙame. Wuta na zuwa tana komawa, Alhaji na lallaɓa janareto da ɗan man da ya rage. Ana cikin haka, wata safiya fitilar faifai ɗaya ta koma ja, na kusa da shi kuma ya fara ƙara kamar ana taunar tsakuwa.

Affan ya duba ya faɗa masa gaskiya. Ɗaya ya mutu, in na biyu ya bi shi kafin a sa sabo, shi ke nan. Kashe injin ba mafita ba ne, don tsofaffin faya-fayan da suka shekara suna juyawa ba lalle su sake tashi ba. Sabon faifai guda ne a shago, ba zai ɗauki ko rabin tafsirin ba, wurin aro kuma na kulle.

"To Injiniya, ranarka ta zo," in ji Alhaji. "Gwada."

"Baffa, ai gwaji ya wuce. Ana gwaji ne lokacin da in an faɗi akwai abin dafawa."

Duk da haka ya durƙusa ya sa yatsa a kan maƙullin faifan. Yatsan ya ƙi motsi. Abin da ya daɗe yana roƙo ne aka miƙo masa, amma in injin ya sandare, unguwa za ta ce jika ya binne kakansa karo na biyu, ba mai tuna wanda ya hana. Ya janye hannu, ya yi wata magana da Faransanci wadda shi kansa bai san inda ta dosa ba.

Alhaji ya dube shi, ya dubi jar fitilar. Bai yi gori ba. Ya sa Affan ya kunna tafsirin a lasifika, ya ce in tsoho zai tafi, gara ya tafi suna ji. Muryar Malam Ilu ta cika shagon. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya tambaya wanne ne, aka nuna masa. Ya yi bisimilla ya zare mataccen faifan.

Muryar ta ɗauke. Can sai aka ji Malam Ilu a lasifika ya yi tari, ya nemi a miƙo masa ruwa, ya ci gaba da ayar.

Alhaji ya miƙa hannu baya, bai waiwaya ba. "Ba ni sabon."