Ciwon da Tela Ya Kira Kewa

Tela yana tsakiyar haɗa hannun riga sai ga Magini a ƙofar shago, ya dafe ciki, gumi na tsattsafo masa a goshi, fuskarsa kuwa shiru kamar bangon da aka gama shafewa.

"Baba Tela, wannan kuma mene ne sunansa?"

Shekara biyu ke nan suna haka. Tun da Magini ya faɗo daga saman gini ya bugu a kai, ya warke da ƙafafunsa da hankalinsa, amma ya daina gane abin da jikinsa ke gaya masa. Ba ya sanin yunwa sai ya ga hannunsa na rawa. Ranar da matarsa ta rasu ko ɗigon hawaye bai yi ba. 'Yarsa tilo ta dube shi ta ce ashe dutse ne ya haife ta, ta koma garin mijinta, ba ta ƙara nemansa ba.

Bango ɗaya ya raba shagon Tela da ɗakin Magini, don haka tsohon ya zama tafintansa. In Magini ya ce maƙogwaronsa ya shaƙe, sai Tela ya tambayi abin da ya faru kafin nan, ya ce masa baƙin ciki ne. In rana ta take, yakan ƙwanƙwasa bango sau uku da almakashi, alamar a sha ruwa. Yakan yi masa tsiya cewa shi kaɗai ake auna wa zuciya kamar ƙugun wando.

Wannan karon Magini ya ce abin a gefen dama yake, kamar an ɗaura masa bulo, tun shekaranjiya. Tela ya tambayi me ya yi shekaranjiya. Ya ce shara ya yi, ya tsinci takalmin makarantar 'yarsa a ƙarƙashin gado.

Tela ya cire tabarau, ya yi murmushi.

"Kewa ce, Magini. Kewar 'yarka."

Magini ya daɗe yana kallon hannunsa a kan cikin. "Ashe ina da ita."

"Har ta yi maka yawa. Je ka kira ta."

Ya kira, ba ta ɗauka ba, sai ya tura saƙo. Kwana biyu yana yawo dafe da ciki a hankali, kamar mai ɗauke da ruwa yana tsoron kada ya zube. Ya ƙi abinci, Tela ya ce ai haka kewa take yi wa mutum.

A rana ta uku Tela ya ƙwanƙwasa bango, bai ji motsi ba. Ya shiga ɗakin ya sami Magini kwance a ƙasa, jiki kamar wuta. A asibiti likita ya ce hanji ne ya fashe tun kwanaki, da wani ne da tuni ihunsa ya tara unguwa. Ya tambayi dalilin da ba a kawo shi da wuri ba. Kafin yamma Magini ya cika.

'Yar ta iso washegarin binnewa. Ta zauna a bencin shago, ta miƙa wa Tela waya. Saƙon gajere ne: "Tela ya ce kewarki nake yi. Ina jin ta a gefen dama."

"Baba," ta ce, "da gaske ya yi kewata?"

Tela ya san abin da ke gefen dama. Ya ɗauki zare, ya kasa samun kafar allura.

"Takalminki yana kan matashinsa," ya ce. "Ba ni na ce ya ɗora ba."

Ta tashi ta shiga ɗakin.

Da rana ta take, hannun Tela ya ɗauki almakashi da kansa, ya kai shi kusa da bango, sannan ya tsaya. Can ciki ana jan tsintsiya a hankali, a tsaya, a sake ja. Ya zuba ruwa a kofi ya ajiye a gefen keken ɗinki, bai sha ba.