Injin da Ba Shi da Sarki

Tun da Ma'azu ya fara harkar kirifto, kuɗin nan na cikin waya, mutanen Kurgu ba su sake hutawa ba. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya yi bayanin bulokcen: tsari ne, in ji shi, da ba banki ba sarki, ba abin da ke wucewa sai kowa ya shaida.

Da matasan garin suka haɗa hannu suka sayi injin ban-ruwa don shinkafar rani, sai ya ce ga wurin gwaji ya samu. Ba shugaba. Inji zai zauna a shagon Muktar tela, kuma ba ya fita sai kowane ɗan ƙungiya ya ɗaga babban yatsa a guruf na Wasaf. Da suna 'yan kaɗan abin ya yi daɗi ƙwarai. Amma labari ya bazu, aka yi ta shigowa, har da na Lolo da na tsallaken iyaka cikin Benin. Yatsu suka yi yawa, inji ya koma zaman jira.

Zainulabideen, malamin firamare, ya ce, "Mu zaɓi mutum ukku su riƙa yanke magana, aiki ya yi sauri."

"Sarauta ke nan ta bayan gida!" in ji Ma'azu. "Yau ukku, gobe ɗaya, jibi sai mun durƙusa. Gara jinkiri da bauta."

Samari suka yi masa tafi, musamman Abbas, babban ɗalibin Ma'azu, wanda ya haddace maganar kamar karatun allo.

To, rana ba ta ƙarya. Shinkafar Ma'azu ta yi ciki, daidai lokacin da in ta sha ƙishi sai dai a girbe ƙaiƙayi, ita ce kuma abincin gidansa na shekara. Ya nemi inji. Kowa ya ɗaga yatsa sai Bunyaminu, wanda ya bi shanunsa cikin dajin Benin inda ko aljani ba ya samun sabis. Ƙasa ta fara tsagewa, ganye ya naɗe. Ma'azu ya kira har wayarsa ta yi zafi. Tsoro ya kama shi, na gaske.

Ya je wurin Muktar. "Don Allah, ɗan'uwa, ba ni in kai ya kwana ɗaya."

"Ni wa?" Muktar bai ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki ba. "Kai kac ce wanda duk yab ba da shi babu cikon yatsu ɓarawo na."

Sai ga Ma'azu a gaban taro, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa ya sake nazari, shawarar Malam Zainulabideen akwai hikima ciki. Malam ya yi murmushi, ya tuna masa cewa sauya doka ma sai kowa ya yarda. Har da Bunyaminu.

Aka kaure da hayaniya. Abbas ya miƙe, idonsa jawur. "Wallahi ka ba ni kunya, Yaya! Don 'yar shinkafa za ka sai da aƙida?"

Da aka rasa mafita, Ma'azu ya tuna cewa a kirifto in an kasa jituwa rabewa ake yi, kowa ya kama hanyarsa. Ya faɗa, aka ko karɓa nan take, abu na farko da ya taɓa wucewa da sauri. Aka raba kaya bisa adalci. Masu son kwamiti, har da Ma'azu, suka ɗauki inji. Abbas da masu tsantsar aƙida suka naɗe mesar ruwa, suka saɓa a babur.

Ma'azu ya ɗauko injin, shi da Malam, suka dire a bakin kogi. Gonar na can sama, tana kallonsu. Ya kira Abbas, ya ajiye girma, ya roƙi aron mesa.

"Ba komi, Yaya," in ji Abbas da ladabi. "Rubuto a guruf ɗinmu. Bunyaminu ma ɓangarenmu muka sa shi."