Ranar da Aka Auna Laima

Duk layin an san babu mai ɗinki kamar Laima, kuma babu mai sa kaya marasa fasali kamarta. Rigunanta ne ma suka jawo mata sunan, don mutum uku za su fake a cikin ɗaya idan ruwa ya sauko. Kallo ɗaya take yi wa mace ta faɗi faɗin kafaɗarta, amma nata awon ba ta sani ba.

Shagonta yana da dokokinsa. Lungun awo ba labule, ranar da ta kama wurin ta cire shi ta yi tsumman goge keke. Kuma tef ba ya taɓa jikin kowa sai ta tambaya. Ko 'yar shekara biyar aka kawo, durƙusawa take yi ta ce, "In auna ki?" Idan yarinya ta noƙe kafaɗa, sai ta miƙa mata tef ta zagaya da kanta, ita kuma ta karanta lamba daga nesa.

"Yaya, wata rana sai kin nemi izinin yadi kafin ki yanka shi," in ji Rediyo, abokiyar aikinta, wadda bakinta ba ya hutawa ko da allura a cikinsa.

Ana haka sai ga Auta, 'yar Laima, da yadi ruwan zuma a leda. Ta gama makarantar jinya, ranar Asabar za a ba su takardar shaida.

"Umma, don Allah wannan karon ki yi wa kanki rigar da ta san da mutum a cikinta. Hoto za a yi, ba na so a ce na zo da rumfa."

"Ji mara kunya," in ji Laima tana dariya. Amma ta yi alkawari.

Kwana uku yadin yana shimfiɗe a kan tebur. Ta zana da alli, hannunta ya ƙara faɗi ba da saninta ba, ta goge, ta sake. Ranar Laraba Rediyo ta gaji da kallo. Ta lallaɓo ta baya da tef ta zarga mata a ƙugu.

"Yau dai sai mun san abin da ke cikin laimar nan!"

Almakashi ya faɗi. Kafin Rediyo ta rufe baki ta tsinci kanta zaune a buhun ƙyallaye, ɗankwali a gefe. Laima na tsaye, tana kallon inda labule yake a da.

"Yaya, wasa fa nake."

"Na sani." Ta jawo kujera ta zauna. "Shekarata tara a lokacin. Tela ne, abokin mahaifinmu, Baba muke ce masa. A bayan labule yake auna ni. Da na faɗa a gida, aka ce in rufe bakina, in daina sa matsattsun kaya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta faɗi yadda tun ranar take ganin jikinta shi ne mai laifin ba, wanda dole a lulluɓe shi kada ya sake jawo magana. Ba ta faɗi yadda duk mai fara'a da yara, hannuwansa take kallo kafin fuskarsa ba. Ita kanta ta sha tambayar zuciyarta me ya kai ta sana'ar mutumin nan, alhali ga sana'o'i birjik. Amsar da ta samu ita ce, ko ba komai a ce akwai shago ɗaya da ba labule.

 Rediyo ta tashi, ta kakkaɓe zare daga zanenta, ta ɗauki tef ta durƙusa a gabanta.

"In auna ki?"

Laima ta dube ta, sai ta noƙe kafaɗa.

Rediyo ta miƙa mata tef, ta ja da baya har jikin ƙofa, biro a hannu. Laima ta miƙe, ta tattare rigar ta baya, ta zagaya tef a ƙugunta. Ta daɗe kafin ta sunkuya ta duba.

"Talatin da huɗu."

"Talatin da me? Shekara goma ina ba ki sittin! Ashe wurin zama kawai kike cinye mana a mota!"

Dariya ta ƙwace wa Laima, har da hawaye, ba ta kuma tsaya tantance na mene ne ba. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta auna ƙirji, Rediyo na rubutawa tana sharhi a kan kowace lamba.

Rediyo ta ce, "Saura sakin jiki. Inci nawa za a ƙara?"

"Shida."

"Ɗaya."

"Huɗu."

"Yaya, Auta ta ce ban da rumfa."

Laima ta ɗauki almakashinta daga ƙasa, ta gyara shimfiɗar yadin, ta sa alli.

"Biyu," ta ce. "Kuma ki matsa, kin tare mini haske."